Shanun Birnin Kudu da Rumbun da Ke Landan

A hutun makarantar da ya gabata, 'yar ƙanwata da ke aji biyu a babbar sakandare ta same ni da wani aikin gida da malaminsu na tarihi ya ba su. An ce kowa ya rubuto shafi biyu a kan wani wurin tarihi na jiharsu. Da yake mahaifinta mutumin Jigawa ne, sai na ba ta shawara ta ɗauki zane-zanen duwatsun Birnin Kudu. Ta dube ni ta ce, "Kawu, wane zane ne kuma a Birnin Kudu?" Ban ga laifinta ba. A Kano ta tashi. Ta san garin da babban asibitinsa da tsohuwar kwalejinsa, ta sha ratsa shi a mota, amma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa a cikin duwatsun da ke gefensa akwai hotunan shanu da wasu mutane suka zana tun zamanin da ba mai iya tunawa.

Muka ɗauki wayarta muka shiga nema. Abin da muka samu da Hausa bai taka kara ya karya ba, 'yan layuka ne nan da can, wannan ya kwafo daga wancan. Bayani mai tsari, mai hotuna da taswira, sai da muka faɗa wani shafi na Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan, inda aka jera zane-zanen duwatsun Afirka ƙasa bayan ƙasa, har da Najeriya da Nijar. Yarinya ta shagala da kallon raƙuman dawa da aka sassaƙa a hamadar Nijar, ta manta da aikin gida. Can sai ta ɗago kai ta ce, "Kawu, to me ya sa sai mun je Landan za mu ga duwatsunmu?" Na ba ta amsa a lokacin, amma amsar ba ta gamsar da ni ba, shi ya sa na kawo maganar wannan fili.

Mu fara da abin da ke gida. A cikin tarin duwatsun da ke kewayen Birnin Kudu akwai wasu lunguna masu inuwa, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, waɗanda aka yi zane a bangonsu, galibi da jan launi. A tsakiyar shekarun 1950 Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos kuma ya yi suna a binciken kayan Nok, ya kai labarinsu ga masanan duniya. A littattafai akan ce shi ya gano su, amma mutanen garin sun riga shi sani, tunda su suka raɗa wa duwatsun suna. Kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buge su da ƙaramin dutse sukan yi ƙara kamar ta kuge, jikinsu duk ya yi gurabu saboda bugu na tsawon zamani. Fagg ya buga maƙala a kan irin waɗannan duwatsu a 1956. An kuma rubuta cewa suna da alaƙa da al'adun aure na garin, har akan kai amarya can gab da biki.

Abin da aka fi zanawa shanu ne, kuma akasarinsu ba su da tozo. Wasu masu dogayen ƙaho, wasu gajeru. Duk wanda ya san karar shanu ta Maigatari ko ta Wudil ya san cewa shanun ƙasar nan a yau masu tozo ne, bunaji da rahaji da gudali. Marasa tozo sai dai muturu a can kudu, da kuri a bakin Tafkin Chadi. Ke nan bangon dutsen yana ba da shaida cewa an yi zamanin da garken wannan yanki ya sha bamban da na yau. Irin wannan shaida ba a samunta a bakin maroƙa ko masu ba da tarihin sarauta, domin ta girmi sarautar da suke wa kirari.

Akwai makamancin wannan zane a Geji da Shira a Jihar Bauchi, akwai a ƙasar Margi. In aka tsallaka iyaka aka nausa arewa kuwa, abin ya wuce lissafi. A yankin Azbin na Nijar, tsakanin Agadas da Arlit, akwai wurin da ake kira Dabous, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse. Babban ya haura mita 5, an fitar da tabban jikinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma a kewayensu akwai wasu sassaƙe-sassaƙe fiye da 800. Wani masani Bafaranshe, Christian Dupuy, shi ya fara rubuta bayaninsu a 1987. A yau babu raƙumin dawa a wannan hamada. Ragowar na Afirka ta Yamma suna can wajen Kouré, kusa da Yamai. A Tassili ta Aljeriya, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, an ƙidaya zane sama da 15,000, har da giwaye da dorinar ruwa, a inda yanzu ɗigon ruwa ke gagarar matafiyi.

To yaya hotunan suka je Landan? A 1996 wani mai ɗaukar hoto, David Coulson, ya kafa ƙungiya a Nairobi mai suna TARA, wadda aikinta shi ne nemo zane-zanen duwatsun Afirka, da ɗaukar hotunansu, da jawo hankalin jama'a ga kare su. Shekara da shekaru suna keta hamada da daji a ƙasashe kusan 20. A 2013 Gidan Tarihi na Birtaniya ya karɓi kwafin hotuna kusan 25,000 daga wannan taska, da tallafin wata gidauniya mai suna Arcadia. Aka ɗauki ma'aikata suka zauna suka yi wa hotunan rajista ɗaya bayan ɗaya, ƙasa da yanki da abin da aka zana da yadda aka zana shi, sannan aka zuba su a intanet kyauta ga mai son gani.

Ba na cikin masu ganin wannan aiki a matsayin sata. Duwatsun suna nan inda suke, hoto aka ɗauka, kuma da ba su ɗauka ba da wasu zane-zanen sun tafi ba ko shaida. A 2009 wani mutum ɗaya ya bi wurare da dama a Tadrart Acacus ta Libiya ya fesa musu fenti, ya lalata a 'yan kwanaki abin da ya yi dubban shekaru yana jure rana da iska. A 2017 an wayi gari an ga an yi rubuce-rubuce a kan zanen Ennedi ta Chadi, shekara guda bayan UNESCO ta karrama wurin. A nan gida ba ma bukatar mai fenti. Masu fasa dutse sun ishe mu, ga hayaƙin wutar masu fakewa daga ruwa, ga samari masu rubuta sunayensu da na 'yammatansu a duk bangon da suka samu. Na taɓa hawa wani dutse mai zane, ba zan faɗi sunansa ba, na tarar an rubuta lambar waya da gawayi a daidai cikin saniya.

Amfanin rajista ya fi fitowa fili a labarin duwatsun Bakor na yankin Ikom a Jihar Kuros Riba, waɗanda tsayayyu ne masu sassaƙar fuskar mutum. A farkon shekarun 1960 wani jami'in gandun daji, Philip Allison, ya zaga ya ƙidaya kusan 300, ya ɗauki hotuna, ya rubuta inda kowane yake, aka buga aikin a 1968. Bayan fiye da shekara 50, TARA da gidauniyar Factum ta ƙasar Sifen da malaman Jami'ar Kalaba suka koma da na'urori, suka tarar da yawa babu su. Wasu an sace, wasu wutar daji ta farfasa su. Da rajistar Allison aka san abin da ya ɓace, da ita kuma aka iya shaida wasu a ƙasashen waje, har aka samu rabin wani dutse a wani gidan tarihi na New York alhali gindinsa yana nan a ƙauyen da aka sare shi. Wanda bai san yawan garkensa ba, ko an ja masa ɗaya ba zai yi cigiya ba.

Abin da ya sauya tun zamanin su Fagg da Allison shi ne kayan aiki. A 1956 Henri Lhote ya jagoranci ayarin masu zane zuwa Tassili, suka yi watanni suna kwafar hotunan da hannu. Domin launin ya fito sukan jiƙa bangon da ruwa su goga da soso, kuma masanan da suka zo bayansu sun nuna cewa wannan ya cutar da zanen. A 1999, da aka so a yi kwafin raƙuman Dabous, sai da aka shafe dutsen da wani irin danƙo aka ɓamɓaro siffarsa. Ɗaya daga kwafin da aka zuba da sanholo yana filin jirgin saman Agadas. A yau duk ba a bukatar taɓa dutse. Ana ɗaukar hotuna da yawa, kowane ya hau kan sashen na kusa da shi, sai kwamfuta ta bi tabo guda daga kusurwoyi daban-daban ta lissafa tsawo da faɗi da zurfi, ta fitar da siffar dutsen yadda mutum zai juya ta a allon waya kamar tana tafin hannunsa. Sai kuma wata manhaja mai suna DStretch, wadda wani Ba'amurke, Jon Harman, ya fitar a 2005, bisa dabarar da masu binciken sararin samaniya ke bi wajen gyara hotunan tauraron ɗan'adam. Aikinta shi ne ta ɗauki launuka masu kusanci da juna, waɗanda ido ba ya rarrabewa, ta nisanta tsakaninsu. Jan da ya koɗe ya saje da jikin dutse sai ya fito ɓaro-ɓaro, har akan ga dabba a inda ake zaton bango ne fayau. Tana da illarta, domin takan sa mai zumuɗi ya ga saniya a inda tsatsar dutse ce kawai, saboda haka dole a ajiye hoton asali kusa da wanda aka gyara. Amma akwai irinta ta waya, kuma kuɗinta bai kai na tafiya ɗaya ta wani jami'i zuwa taron bita ba.

Duk da haka, kundin hotuna daban, rajista mai rai daban. Kundi yana nuna yadda dutse yake ranar da baƙo ya zo da kyamararsa, wataƙila shekara 20 da suka wuce. Rajista mai rai tana faɗin yadda yake bana, da wanda ya duba shi, da abin da ya canza tun bara, kuma mutane da yawa ne ke rubutu a cikinta daga wurare daban-daban, kowa da iyakar abin da aka ba shi izini. Manhajar yin wannan tana nan. Cibiyar Getty ta Amurka da Asusun Kula da Wuraren Tarihi na Duniya sun ƙera wata mai suna Arches, suka sake ta a 2013, kyauta, kowace hukuma na iya ɗauka ta gyara ta daidai da bukatarta. Tun 2020 wani shiri da Jami'ar Cambridge ke jagoranta yana amfani da ita wajen yi wa wuraren tarihi rajista a ƙasashe irin su Mali da Senegal da Sudan da Kenya da Zimbabwe, tare da hukumomin ƙasashen. A Afirka ta Kudu kuwa, cibiyar binciken zanen duwatsu ta Jami'ar Wits da ke Johannesburg ta daɗe da haɗa hotunan gidajen tarihi da na masu bincike da dama cikin rumbu guda, a ƙasarsu, a hannunsu. Saboda haka ba a rasa abin koyi ba.

A nan ne nake da magana, kuma ita ce amsar da ya kamata in ba yarinyar nan. Matsalar ba inda kwafin hoto yake zaune ba ce. Matsalar ita ce wa ke da ikon rubutu a ƙarƙashin hoton, da wane harshe, kuma wa ke riƙe da mabuɗin rumbun. Duba irin bayanin da ma'aikacin gidan tarihi zai iya rubutawa daga teburinsa: dabba mai ƙaho, tana fuskantar hagu, jan launi. Bai yi ƙarya ba, iyakar abin da hoto ya nuna masa ke nan. Amma a kai wani dattijon Bafulatani gaban wannan bango, zai duba hantsa da tsayuwar ƙafa da lanƙwasar ƙaho ya ce wannan karsana ce, wannan bijimi, wannan tana da ciki, kuma yana da suna ga kowane irin launi da tabo na jikin saniya. A Azbin, kusa da hotunan dabbobi akan samu rubutun Tifinagh, kuma Buzun da ke kiwon raƙuma a wurin yana gane haruffan ko da tsohon salon ya gagare shi fassara. Sunan dutse kansa bayani ne. Me ya sa aka ce Dutsen Mesa? Wa ya san asalin Habude? Amon dutsen kiɗa ba ya shiga hoto, haka ma abin da tsofaffin mata suka sani game da rakiyar amarya. Wannan ilimi yana bakin mutanen da ba sa jin Turanci, kuma kowace shekara ana rage mana su. Rumbun da ba shi da gurbin murya, ba shi da gurbin Hausa da Fulfulde da Tamashek, zai adana fentin ya bar ma'anar ta bi tsofaffi.

Sai batun wuri, wanda masu ɗokin na'ura ba su cika son a tayar ba. Wayoyin zamani sukan liƙa wa hoto lambobin inda aka ɗauke shi, sau da yawa ba tare da mai wayar ya sani ba, kuma ko babu lambobin, saurayin da ya hau dutse yakan rubuta sunan ƙauye da kwatance a Facebook don abokai su yaba. Mu kuwa mun san abin da ya faru da kayan yumɓun Nok da na Katsina da na Sakkwato, da na Bura a Nijar, waɗanda aka yi ta haƙewa ana fitarwa har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Zanen bango ya fi tukunya wuyar ɗauka, amma ana sare shi, kuma akwai masu ɗaukar kowace alama a jikin dutse a matsayin shaidar dukiya da aka binne, su zo da diga su tone gindinsa. Taswirar da ta nuna wa ɗalibi hanya ita ce za ta nuna wa ɓarawo. Don haka rumbu na gari yana da ɗakuna. Jama'a su ga hoto da suna da ƙaramar hukuma, ainihin wurin kuwa ya tsaya ga jami'an da aka ɗora wa amana da dagacin yankin.

Mutanen Warumungu, 'yan asalin Ostireliya, sun kai wannan tunani nesa. A 2007 suka haɗa kai da wata mai bincike, Kimberly Christen, aka gina musu rumbu mai suna Mukurtu, wanda a harshensu ke nufin jakar ajiyar abubuwa masu daraja. A cikinsa al'umma ce ke yanke wa zai ga me: wani abu na mata ne kaɗai, wani na dattawa, wani na dangin mamaci. Yanzu al'ummomi da dama a duniya suna amfani da shi. Wannan tsari bai saba wa tarbiyyarmu ba ko kaɗan. Tsohuwar da ba za ta yi wa baƙon namiji bayanin abin da ake yi da amarya a gindin dutse ba, za ta iya yi wa jikarta, in ta tabbata maganar ba za ta koma abin dariya a kasuwa ba.

Akwai kuma abin da na fi tsoro, wato mutuwar shiru. Mun saba da aikin da ake ƙaddamarwa da tallafin shekara uku, a yanka kyalle, a raba jakunkuna, sannan tallafi ya ƙare, kuɗin hayar shafi ya gagara, wanda ya san kalmar sirri ya yi ritaya ko ya samu aiki a waje. Bayan shekara biyu ka buga adireshin ka tarar da kango. Takardun Allison sun kai shekara 50 ana karanta su. Faifan kwamfuta nawa ne a ofisoshinmu ya kai goma yana buɗuwa? Manya ma ba su tsira ba. A watan Satumba na 2018 gobara ta cinye gidan tarihi na ƙasar Barazil, har aka koma roƙon jama'a su aiko da hotunan da suka taɓa ɗauka a ciki. A watan Oktoba na 2023 masu kutse suka durƙusar da na'urorin babban ɗakin karatu na Birtaniya, aka yi watanni ana fama. Darasin da ke ciki mai sauƙi ne: kwafi ya zauna a wurare da yawa, a hannun hukumomi daban-daban, kuma a sa kuɗin kula da shi cikin kasafin kowace shekara kamar yadda ake sa albashi.

Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfinmu ba. Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda doka ta ɗora wa wannan nauyi kuma take da cibiya a Birnin Kudu, ta zauna da sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, su buɗe rajista guda ta zanen duwatsun Arewa, mai fuskar Hausa da ta Turanci. A gayyato Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, domin masu zanen nan ba su san iyakar da Turawa suka shata ba, kuma ba za a fahimci shanun Jigawa ba sai an jera su kusa da na Azbin. A rubuta wa Landan da Nairobi a nemi kwafin duk hoton da ya shafe mu, da cikakken bayaninsa, ya zama harsashi. Sannan a koyar da malaman makaranta da ɗalibai da mafarauta da makiyaya yadda ake ɗaukar hoto ba tare da taɓa bango ba, da yadda ake naɗar muryar dattijo da izininsa, a rubuta sunan kowa a kan abin da ya kawo. Mai cewa ƙauyawa ba za su iya ba ya tuna da yaƙin da aka yi da cutar shan inna. An ba ma'aikata wayoyi, an yi taswirar ƙauyuka da rugage na jihohin Arewa da taimakon hotunan tauraron ɗan'adam, kuma 'ya'yan ƙauyukan ne suka taka da ƙafa. Akwai manhajojin cike fam da ke aiki ko babu sabis, su aika bayanin in an shigo gari.

Rajistar kuma kada ta tsaya a hannun masana. Ta isa teburin masu ba da lasisin haƙar ma'adinai da fasa dutse, da na masu shata hanya, ta zama ba a sa hannu sai an duba ta. Ko wannan ma ba lamuni ba ne. A watan Mayu na 2020 kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogon Juukan a Ostireliya, wurin da aka tabbatar mutane sun zauna tun shekara 46,000 da suka wuce. An san wurin, an yi bincike, an rubuta rahoto, kuma kamfanin yana da izinin hukuma a hannu. Abin da rajista ta yi shi ne ta hana a ce ba a sani ba, kuma hayaniyar da ta biyo baya ta ci kujerar shugaban kamfanin. A wurinmu, in nakiya ta tashi da wani bango mai zane a wani ƙauyen Bauchi gobe, babu takardar da za a ɗaga a ce ga abin da ke wurin jiya.

Na san za a ce ana fama da yunwa da 'yan bindiga, wa ke ta shanun dutse? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai rashin tsaron shi ne ma ya sa aikin ya dawo kanmu. Baƙin masu bincike da a da suke zuwa da motoci da kyamarori sun ɗauke ƙafa daga yawancin Sahel, kuma ba a san ranar dawowarsu ba. Wanda zai iya isa gindin dutsen a yau shi ne wanda gonarsa ke kusa da shi. Wasu kuma za su ce kayan jahiliyya ne, me Musulmi zai yi da su? Ba wanda ya ce a yi musu yanka ko a nemi tabarruki. Duban gurbin waɗanda suka gabata domin a san yadda suka rayu da yadda ƙasa ta juya musu ba baƙon abu ba ne a karatunmu, kuma mutumin da hamada ke cin gonarsa yana da dalilin sanin cewa dorinar ruwa ta taɓa wanka a tsakiyar Sahara.

Yarinyar dai ta rubuta shafinta biyu, yawanci fassara daga Turanci, ta kai wa malam. Da labarin ya kai kunnen kakarta ta wajen uba, wadda aka haifa a wani ƙauye na ƙasar Birnin Kudu, sai ta yi dariya ta ce ai tana ƙarama ta taɓa bin yayyenta rakiya gindin wani dutse mai amo, kuma akwai waƙar da ake yi, amma rabinta kawai take tunawa. Ta ce akwai wata ƙawarta da ta fi ta riƙe irin waɗannan abubuwa, in tana da rai. Mun sa rana bayan Sallah za mu je neman ta, ni da jikar da wayarta.